Kwamfuta tana farawa da gudu, daga baya ta soma jan ƙafa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An rubuta cewa furosesar kwamfutata, wato ƙwaƙwalwarta mai sarrafa aiki, tana kaiwa gudun gigahaz 4 (bugu biliyan 4 a daƙiƙa), amma da zarar na yi minti ashirin ina tace bidiyo sai ta soma jan ƙafa, fankarta kuma ta yi ta gurnani. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya taimaka mana da abin da ya gani.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, ina kyautata zaton zafi ne, domin yawancin furosesoshin zamani sukan rage gudunsu da kansu idan zafinsu ya doshi digiri 100 a ma'aunin Celsius, gudun kada su lalace. Na buɗe wata mai irin wannan ciwo, na tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga a mafitar iska, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa kuma ya bushe har ya daddare. Da na share, na shafa sabo, sai ta dawo hayyacinta. Gigahaz 4 ɗin nan ma ƙololuwa ce, ba ta daɗewa a kanta sai da isasshen sanyi.

Wata malama: Ni kuwa na daɗe ina zargin furosesa, ashe ba ta da laifi. Da na duba Task Manager, manhajar da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, sai na ga furosesar tana zaman jira ne, saboda RAM ɗina mai gigabait 4, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, ya cika, kwamfutar ta koma dogaro da tsohon faifai mai juyawa. Ƙarin RAM da sanya SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, suka raba ni da matsalar.

Wani dattijo: Ku rage dogara da lambar gigahaz, 'ya'yana. Tsohuwar furosesa Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, amma da Core 2 Duo ta fito a 2006, na gwada su gefe da gefe, kuma sabuwar ta wuce ta nesa ba kusa ba duk da ƙarancin lambarta, domin tana yin aiki mai yawa a kowane bugu.

Mai tambaya: Na gode muku. Na duba, RAM bai cika ba, amma zafin yana haura digiri 95, kuma dole in amsa laifina: a kan katifa nake ɗora ta, tana toshe mata mafitar iska. Na mayar da ita tebur, gobe zan kai a share fankar.