Gwangwanin lemo ya taru a soro: wa ya taɓa sayarwa a kilo?

Maman Ilham, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun yi bikin ƙanwata satin da ya wuce, an sha lemon gwangwani ba kaɗan ba. Washegari na sa yara suka tattara, sai ga buhu biyu da rabi na gwangwanin Maltina da Coke jibge a soro. Wani ɗan gwangwan ya leƙo ya taya, kuɗin ko cefanen yini ba zai yi ba, na ce ya dakata. Maigida kuma yana ta mita wai na mai da masa soro juji. Waɗanda suka taɓa sayarwa, yaya kuka yi? A ba su a ido, ko a kai inda ake aunawa?

Baban Sadiq, Dakata: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara shida na yi ina tura baro unguwa-unguwa kafin Allah ya hore mini rumfa da sikeli, don haka bari in faɗa miki gaskiya ko da 'yan uwana za su ji haushina. Buhu yana ruɗin ido. Gwangwanin lemo ɗaya bai wuce giram 13 zuwa 15 ba, sai kin tara kusan 70 kafin ya yi kilo guda. In buhun shinkafa ne kuma ba a tattake su ba, ba mamaki duk tarin nan bai wuce kilo huɗu ko biyar ba. Iska ce ta cika buhun.

Amma duk da haka kada ki sayar a ido. Mai baro shi ma sarowa yake ya kai wa dila, dole ya rage wa kansa na wahala, in ya ga ba ki san nauyin kayan ba kuwa sai ya rage da yawa. Ke da kike Gwammaja, Ƙofar Ruwa ai a bakin ƙofarki take. Ki sa yara su tattake su, a tura babban ɗanki ya tambayi farashin kilo a rumfa biyu ko uku, sannan ya tsaya a auna a gabansa. Farashin ba ya zama wuri ɗaya, yana bin dala da buƙatar kamfanoni, na watan jiya ba shi ne na yau ba.

Sai abu mafi muhimmanci: a ware. Ki samo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne. Gwangwanin da ya manne masa, irin na tumatir da madara da sadin, baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa kaɗan. Wanda bai manne ba shi ne alminiyum, wanda iyayenmu ke ce wa sanholo. In kika haɗa su buhu ɗaya, da kuɗin baƙin ƙarfe za a saye duka.

Anti Bilki, Hotoro: Baban Sadiq Allah ya saka. Ni abin da ya ci ni ke nan. Na tara na wata uku, na zuba har da gwangwanayen tumatir don buhu ya yi nauyi, ashe kaina na cuta.

Ɗan Maƙera: Gidanmu zubin tukwane ake yi tun kakanni, a can wani ɓangare na gwangwanin naku yake ƙarewa. Ana narka shi da gawayi da zugazugi, a kwarara a cikin zubin ƙasa, a fitar da tukunya ko ludayi ko kaskon suya. Roƙona ɗaya: ku zubar da sauran lemon, ku bar gwangwani ya bushe. Jiƙaƙƙen gwangwani in ya faɗa cikin narkakken alminiyum fashewa yake ya yi tartsatsi. Yayana har yau da tabo a damtse. Masu cusa yashi ko tsakuwa a ciki don sikeli ya ɗaga kuma, ku ji tsoron Allah. Dila ya san nauyin buhu tun kafin ya ɗora, da ya gane sai ya zaftare wa kowa, har da mai gaskiya.

Kuma ku sani, mu gwangwani ba shi ne zaɓinmu na farko ba. Ya cika sirantaka, ga fenti, kashin da yake bari a wuta yana da yawa. Tsohuwar tukunya da ta huje ko ƙyauren taga na alminiyum sun fi shi auki, shi ya sa suka fi shi kuɗi a kilo. Kada Hajiya ta bayar da hujajjiyar tukunya kyauta a kan gwangwani.

Malam Na Sharaɗa: Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma mun gwada tarawa da ɗalibai zango guda, muka sayi tsintsiyoyi da bokitai na aji da kuɗin. Abin da nake gaya musu: alminiyum yana narkewa a zafin digiri 660, kuma komai yawan narka shi ba ya lalacewa. Sake narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo daga ma'adinin boksait. Dalilin da ya sa ba ka ganin gwangwanin lemo yana kwana a titin Kano ke nan, leda kuwa ga ta nan har bisa bishiya. Ɗan Maƙera, ina da ƙorafi a kanku fa: wasu na haɗa tarkacen injin mota da na lantarki a zubin tukunyar girki, kuma a irin wannan tarkacen ake samun dalma, guba ce ga yara.

Ɗan Maƙera: Malam gaskiyarka, akwai masu yi. Mu dai Baba ya hana a gidanmu, tarkacen inji ba ya shiga abin da za a ci abinci a ciki.

Hajiya Yaya, Fagge: Ku duk kuna ta gwangwani, ni kuwa tsohuwa ce, sharar gidana gaba ɗaya ban yarda ta fita a haɗe ba. Buhu uku na rataye a bayan madafa. Robobin ruwa da na lemo ina wankewa, masu zoɓo da kunun aya na layinmu har rububinsu suke, musamman da azumi. Ledar fiya wata buhunta daban, akwai yaron da ke zuwa ya auna ya kai kamfanonin roba. Kwali kada ya jiƙe, in ya jiƙe ya tashi aiki. Ragowar tuwo da shinkafa ina shanyawa su zama ƙanzo, masu kiwo na saye. Ɓawon dankali da na kankana na akuyar maƙwabta ne. Toka da kashin kaji ma manoman bayan gari sun daɗe suna kwasa a matsayin taki, tun ana ɗora wa jakuna mangala. Bayan duk wannan abin da ke saura wa mai kwasar shara ɗan kaɗan ne, ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ba na shan wahala. Kuma 'yata, ledar nan da muke watsarwa ita ce ke toshe kwata, damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaki mu ce ƙaddara.

Robar da aka zuba fiya-fiya ko maganin feshi dai kada a ba mai zoɓo, ko an wanke. A huda ta. Gwangwanin maganin sauro na fesawa kuma kada yaro ya jefa a wuta, fashewa yake.

Abban Walid, Kurna: Ni ta wani ɓangaren ta same ni. Tunda yarana suka gane gwangwani kuɗi ne, sai aka wayi gari murfin babbar tukunya ya ɓace, bayan kwana biyu wayar tsohuwar fanka ta bi shi. Ashe ƙaramin ne ke kai wa mai baro a ba shi na alawa. Na bi sawu na samu murfin, an riga an lanƙwasa. Yanzu doka ce: su tara, amma ni ko mahaifiyarsu ke sayarwa, kuɗin a jefa musu a asusu. Baban Sadiq, ku ma ku riƙa tambaya mana.

Baban Sadiq, Dakata: Yallaɓai ba ka yi ƙarya ba. A rumfata yaro ya kawo murfin tukunya ko jan ƙarfe, sai ya zo da babba. Masu karɓa ido rufe su suka jawo ake yi wa duk ɗan jari bola kallon ɓarawo.

Maman Ilham, Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tattake jiya da yamma, buhu biyu da rabin nan ya koma ƙasa da rabin buhu, har yara na dariya. Mayen ƙarfe ya fitar da gwangwanin madara goma sha ɗaya. Ɗana ya kai Ƙofar Ruwa da safe, kilo huɗu da ɗan ɗoriya, an ba shi fiye da tayin farko, na haɗa da wata hujajjiyar tukunya da ta shekara a saman akurkin kaji. Hajiya Yaya, yaron nan mai auna ledar fiya wata yana zagayowa ta Gwammaja kuwa? Ina da kusan buhu guda tun na bikin.