Ina son sayen fili a dajin U.P. na Mishigan don farautar barewa, wa ya san wajen?

Baban Amira ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san arewacin Mishigan, musamman can tsallaken gadar Mackinac wato U.P. Ni a Detroit nake da iyali, akwai wani abokin aikina da duk shekara in Nuwamba ta kama sai ya ɗau hutu ya shige daji, ya dawo yana ta bamu labarin farauta har abin ya shiga raina, dama can ni jikan maharba ne ta wajen uwa. To kwanan nan na ga tallan wani fili eka 40 a gundumar Ontonagon, daji ne sosai ba maƙwabci ko ɗaya, kuɗin ma bai kai na sabuwar mota ba. Na kira dillalin ya ce min wai barewa a wajen kamar awaki suke, kuma in yi sauri don akwai wani da ke so. Nufina in saya in kafa ɗan ɗakin katako, in riƙa zuwa farauta da kaka, da bazara kuma in kai yara su ga daji su huta da waya.

Tambayata, da gaske akwai barewa a wannan yankin ko zancen dillali ne kawai? Sannan me ya kamata in duba kafin in ajiye kafin alƙalami? Ban taɓa farauta a ƙasar nan ba, girin kad gare ni. Hajiyata dai tace ita bata ga abin da zai kai mutum inda ba netwok ba.

Ɗan Maharba ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Na daɗe ina aiki a U.P. kuma ina shiga daji duk kaka, to bari in gaya maka tsakani da Allah, arhar filin nan tana da dalili, kuma dalilin shi ne ƙanƙara. Ontonagon a bakin tafkin Superior take, duk yankin nan har zuwa Keweenaw iskar da ke tsallako tafkin ce ke juye musu dusar ƙanƙara tun daga Nuwamba, wani lokacin har Afrilu ba ta gama narkewa ba. A Keweenaw akwai wuraren da ke samun fiye da inci 200 a shekara, a hunturun 1978 zuwa 1979 ma inci 390 aka auna, har wani dogon allo suka kafa a bakin titi don mutum ya ɗaga kai ya ga tsayin. Barewa ba ta iya wannan. In ƙanƙara ta fara kai mata ciki sai ta bar tudu ta gangara cikin fadamun itacen sida masu duhu inda rassa ke tare ƙanƙarar, wasu ma tafiyar mil da yawa suke yi zuwa kudu. Kenan zaka iya zuwa filinka a watan Yuli ka ga sawu da kashi ko'ina ranka yayi fari, ka dawo ƙarshen Nuwamba da bindiga ka tarar sun tashi.

Kuma hunturu mai tsanani kashe su yake yi ba kaɗan ba. Na 2013 da na 2014 sun yi wa garken U.P. ɓarna sosai, ƴaƴan da aka haifa basu kai bazara ba, matan kuma suka fito a rame suka haifi marasa ƙarfi. Shi ya sa a yankunan da ke bakin Superior hukumar DNR, wato mai kula da dazuka da namun daji ta jiha, ta taƙaita harbin mata, namiji mai ƙaho ake nema, shi kuma ba kullum yake fitowa ba. Zaka iya zaman dako sati guda a sanyi baka ga ko ɗaya ba.

In ka zauna da mutanen wajen a shagon shan kofi duk kyarkeci zasu ɗora wa laifi. Eh akwai su, ƙidayar 2024 ta samu aƙalla 762 a U.P., kuma dokar tarayya ta kare su, kar ma ka yi tunanin harbi. Amma binciken da DNR ta yi shekaru tare da jami'ar Mississippi State ya nuna koyote, wannan mai kama da dila, ya fi kyarkeci cin ƴaƴan barewa, beyar (wato bear, ƙatuwar dabbar nan mai gashi) ma tana ci, kuma sanyi shi ne uban tafiyar. Ni dai ra'ayina kenan, in ka faɗi haka a can sai an kusa yin faɗa da kai.

In barewa kake so a U.P. to kudu ta tsakiya zaka duba, Menominee da Delta wajen Escanaba da Dickinson. Can ƙanƙara da sauƙi, akwai gonaki, barewa ta fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ma filin can ya fi tsada. A Dickinson ɗin ne aka samu barewa mai cutar CWD, wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa har ta mutu, a 2018, to in ka harba a wajen ka bi abin da hukuma ta ce game da gwaji. Gaskiyar da ba a so a ji kuma ita ce gonakin kudancin Mishigan, nan kusa da kai, sun fi U.P. barewa. Mutane na hawa arewa ne don daji da shiru da zama da abokai a sansanin farauta, ba don nama ya fi yawa ba.

Abin da zan ce ka yi, kar ka sayi komai bana. Ai ba sai kana da fili zaka yi farauta ba. Dajin gwamnatin tarayya na Ottawa kusan eka miliyan ɗaya ne kuma Ontonagon ɗin na cikin yankinsa, ga na Hiawatha, ga dazukan jiha, ga filayen kamfanonin katako da ke cikin shirin rangwamen haraji fiye da eka miliyan 2 waɗanda doka ta ce dole su bar mutane su shiga farauta da ƙafa. Ka yi ajin koyon farauta tukun, wajibi ne ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa yau, ko ka ɗau lasisin ɗan koyo ka bi abokin aikin naka. Lokacin bindiga 15 zuwa 30 ga Nuwamba ne, na baka da kibiya yana farawa 1 ga Oktoba. Dole ka sa riga ko hula ruwan lemo mai ƙyalli, kuma in ka harba ka kai rahoto ta intanet cikin awa 72. Ka je ka ji sanyin a jikinka sannan mu yi maganar fili.

Maman Sadiq ta rubuta:

Yaya Baban Amira ni ban san komai a farauta ba amma na yi aiki a ofishin da ke rufe cinikin gidaje da filaye, to ta nan zan shigo. Kafin barewa, tambayi dillalin nan abu ɗaya, ta ina ake shiga filin? Yawancin eka 40 masu arha a can a tsakiyar filayen wasu suke, hanyar da kake gani a hoto ta masu yankan katako ce, yau a buɗe gobe wani ya sa ƙofa da kwaɗo kuma ba abin da zaka iya. In ba a rubuce yake a takardar filin ba, an yi masa rajista a ofishin gunduma cewa kana da haƙƙin wucewa, to baka da hanya, ko me aka faɗa maka da baki. In ma titin gunduma ne duba ko na lokaci ne, don akwai waɗanda ba a share musu ƙanƙara daga Nuwamba zuwa Afrilu, suna ma sa allo su faɗa.

Na biyu fadama. Eka 40 na iya zama 30 duk ruwa ne a ƙasa, kuma ba a cike fadama ko a yi gini a kai sai da izinin hukumar muhalli ta jiha. Ka je a watan Mayu bayan ƙanƙara ta narke da takalmin roba ka taka kusurwa huɗun da ƙafarka, a lokacin ne fili ke faɗin gaskiya, kuma zaka gaisa da sauro da ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da kaska ka san da wa zaka zauna. Sashen lafiya na yankin ne ke gwada ƙasa su ce ko zata ɗauki sokawe, in ta faɗi to sai dai masai na waje in ƙaramar hukumar ta yarda. Rijiyar burtsatse da janyo wuta daga titi kuwa zasu iya cin kuɗin da ya kusa na filin, shi ya sa da yawa sola da janareta da tukunyar gas suke amfani da su.

Haraji ma kar ka dubi abin da mai filin ke biya yanzu. A Mishigan tun dokar 1994 ƙimar haraji a daskare take tana hawa kaɗan kaɗan, da an sayar sai ta koma wajen rabin kuɗin kasuwa, kuma tunda ba gidan zamanka bane akwai ƙarin harajin makarantu har dala 18 a kowace dala 1000 ta wannan ƙimar. Akwai shirin jiha da ke cire wannan ƙarin ga mai daji daga eka 20 in yana da tsarin kula da itatuwa a rubuce. Sannan a U.P. sau da yawa ma'adinan ƙarƙashin ƙasa ba na mai fili bane, an raba su tun zamanin haƙar tagulla da ƙarfe. Ka ɗau safiyo, ka sayi inshorar takardar mallaka, ka tambaya yaushe aka yi yankan katako na ƙarshe. Wannan maganar wai akwai wani da ke so kuwa, kowane dillali a duniya ya iya ta.

Na Sabon Gari ya rubuta:

Hhhh Alhaji kai da ka bar zafin Kano yanzu kuma kuɗi zaka biya ka je ka zauna kan bishiya cikin ƙanƙara tun asuba kana jiran nama?? Awa 9 fa a mota daga Detroit zuwa Ontonagon, kuɗin mai kaɗai ya sai maka rago a Dearborn. Ni dai ina bayan Hajiya wlh. Amma in an samu a tuna da mu da kilishi.

Abu Hafsa ya rubuta:

Na Sabon Gari Allah ya shirye ka. Baban Amira ni ta ɓangaren halasci zan ɗan tofa. Barewa dabbar daji ce, halas ce, kuma malamai sun halatta farauta da harsashi tunda yana huda jiki ya zubar da jini. Sharaɗin ka yi niyya ka ce bismillah lokacin da zaka danna kunamar, ba bayan ta faɗi ba. In ka isa ka same ta ta riga ta mutu da harbinka ta ciwu, in ka same ta da sauran rai to wajibi ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi kar ta bar ƙugunka. Inda ake samun matsala a can shi ne harbin yamma, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5 a Nuwamba, dabba ta gudu da rauni cikin duhu, turawa sai su ce a bari sai da safe a bi jini. A wajen malamanmu na Malikiyya akwai magana a kan abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba, to ka zauna da malaminka a kan wannan tun kafin ka tafi. In zaka kai wa masu gyaran nama kuma ka ja musu kunne, da yawa suna haɗa kitsen alade a niƙaƙƙen naman barewa don ba ta da mai, gara ka fede ka yanyanka da kanka.

Sai maganar kuɗi, irin filayen nan sau da yawa mai shi ne ke cewa ka biya kaɗan kaɗan, amma da kuɗin ruwa a ciki, ka karanta da kyau. Girin kad kuma bai hana ka mallakar bindiga ba, sai dai tun 2024 Mishigan na binciken mai saye a kowace irin bindiga, kuma da yara a gida dole a kulle ta.

Baban Amira ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman Sadiq na kira dillalin ɗazu na tambaye shi hanya, ya ce wai kowa ta filin kamfanin katako yake bi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa hanawa, da na ce ya turo min a rubuce sai ya ce zai duba. Ɗan Maharba in na bi abokin nawa bana, su a wajen Delta suke, bindiga wace iri zan nema, kuma da gaske ne ana zuba wa barewa masara?

Ɗan Maharba ya rubuta:

Delta ta yi, ka bi shi. Bindiga kar ka saya tukun, in yana da ta aro ka je filin gwaji da shi ka saba da ita, mai harsashin .308 ko .30-06 duk sun isa, a dajin nan mai duhu da wuya ka yi harbin da ya wuce yadi 100. Kuɗinka ka sa a takalmi mai ɗumi da safar ulu da kayan ciki, sanyi ta ƙafa yake korar mutum daga dako. Masara da karas da tuffa eh ana zubawa a U.P. amma galan 2 kawai a waje ɗaya, a kudancin gadar Mackinac kuwa an hana tun 2019, kuma dokar na canzawa don haka ka sauke littafin DNR na shekarar a wayarka tun kana gari don can ba lallai ka samu sabis ba. Kar ka harba a cikin ƙafa 450 daga gidan mutane sai da izininsu a rubuce. Ka tashi daga Detroit ran 13 in zaka iya, ran 14 gadar cika take da motocin mafarauta.