Wa ya kashe sinimar Palace: bidiyo ko mutanen gari?

Ɗan Fagge: Ni dai magana ɗaya gare ni. Kaset ɗin bidiyo ne ya kashe Palace ta Jakara da sauran sinimomin Kano. Fim ya shigo har ɗaka, wa zai fita da dare sayen tikiti?

Na Jakara: Yaya, kada ka haɗa Palace da su Plaza da Orion, ciwonsu ba ɗaya ba ne. Waɗancan a wajen ganuwa suke. Ita kuwa a cikin birni aka dasa ta a 1951, shekarar da sinimar El-Duniya ta ƙone har mutum 331 suka rasu. Jama'a suka ce ishara ce. Malamai ba su so ta ba, samari na jifan masu fitowa daga kallo, ɗan mutunci kuma ba ya son a gan shi a ƙofarta. Tun ba a san bidiyo ba take fama, ga shi ginin ya koma asibiti.

Baba Injiniya: Gobarar nan daga faifan fim na da ce, wanda ake yi da sinadarin nitrate, yana jin zafi sai ya kama, ruwa ba ya kashe shi. Amma ku bi kuɗi, 'ya'yana. Faifan 35mm ɗaya minti 20 ne, fim ɗin Indiya na awa uku wajen faifai tara ke nan. Inji biyu ake kafawa, wannan na ƙarewa a tayar da wancan. Hasken kuma na sandunan kabon ne, suna cinyewa a hankali. Mai inji ya yi sakaci tazararsu ta buɗe, hoto ya dushe, 'yan kallo su hau ihu. Kabon, kayan gyara, faifan kansa, duk daga waje. Da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ta karya naira a 1986 sai aka koma juya tsofaffin faifai masu yagaggun huji, a yanke a liƙa, rabin waƙa ta ɓace.

Ɗan Fagge: To ai maganata ke nan, Baba. Mai bidiyo a gida waƙarsa cikakkiya ce.

Baba Injiniya: A'a. Sinimomin da kansu suka koma haska kaset, ya ma ƙara musu kwana, musamman da fim ɗin Hausa ya kankama bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990.

Na Jakara: Kuma Palace fili ce ba rufi. Sai duhu ya yi ake haskawa, da damina hadari na tasowa an tashi. Matan aure ba sa shiga, alhali su ne manyan masu kallon kaset. Waɗannan da ma ba kwastomomin Palace ba ne, balle a ce bidiyo ya ƙwace su.