Jirgin kamun kifi a Bur Sudan, in sa kuɗina ko in haƙura?

Abu Hafsa (Jidda): Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina aiki a Jidda na ɗan tara riyal, sai mijin ƙanwata da ke Bur Sudan ya ce mu haɗa rabi da rabi mu sayi jirgin faiba na hannu mai injin Yamaha doki 40, wai yana da rayis, wato direban jirgi, ɗan Sawakin da zai riƙa fita da shi. Ni a faranti kawai na san kifi. Yaya ake rabon kuɗi tsakanin mai jirgi da masu fita, kuma wata nawa ake samun fita a shekara? Kuɗin auren ƙanena zan taɓa.

Ɗan Gadarif: Wa alaikumus salam. Ya zol sayi raksha, keken nan mai ƙafa uku, ka huta, kullum da yamma kana ganin kuɗinka.

Ummu Walid: Malam bai tambaye ka raksha ba ai.

Baba Na Sawakin: Ɗana zauna ka ji. Na riƙe jirgi shekara uku, rabon da ake yi shi ne a fara cire kuɗin banzin (fetur) da ƙanƙara da abincin tafiya, abin da ya saura a raba, jirgi da inji da kasonsu, rayis da yaransa da nasu. A baki da daɗi. To wa ya san abin da ya saura ɗin? Kai kana tudu su suna ruwa kwana biyar, shida, can wajen Muhammad Gol. Nawa rayis ɗin kullum sai ya dawo da kifin sha'ur da bayad, ya ce kifin najil ya yi wuya, iskar arewa ta hana su matsawa kusa da sha'ab, wato duwatsun murjani na cikin teku, ni kuma in ce Allah ya kawo na gaba. Ashe wani dillali ne ke ba shi bashin ƙanƙara da banzin, shi kuma najil ɗin duk da aka kama da ƙugiya sai a sauke masa tun kafin jirgi ya iso inda nake tsaye, kuma najil shi ne kuɗin, shi ake tsallakawa da shi Saudiyya. A bakin yaron da rayis ɗin ya kora na ji. Da na yi magana aka tara mu gaban manya aka ce in yi haƙuri, a shekarar inji ya buga, na sayar da gwal ɗin uwargida na gyara, ya sake bugawa. Har yau in ta ga soyayyen kifi sai ta kalle ni.

Sani Mai Wurno: Innalillahi. Baba Allah ya mayar da alheri. Amma mu nan kan Nilu tun kakanni muke su, ba a taɓa cin amanar mai kwalekwale haka ba, matsalar ba ka sa ɗanka a ciki ba ne.

Bahri77: Sani da girmanka, bulɗi da ƙarmut na Nilu daban, Bahar Maliya daban. Kai da safe ka jefa taru da azahar kana gida. Bar waɗanda suka sha ruwan gishiri su yi magana.

Sani Mai Wurno: Kai wane ruwan gishirin ka sha, wanda ke soya kifi a kasuwar kifi ta Sigala?

Bahri77: Ina soyawa, kuma ni nake saye da asuba, na fi ka sanin farashi. Abu Hafsa jirgi da inji na hannu mai lafiya ka tanadi miliyar 25.

Ummu Walid: 25?? Maƙwabcinmu ya sayar da nasa 12 bayan ƙaramar sallah.

Bahri77: Hajiya wannan gangar jiki ce ba inji, ko kuma injin ya gama aiki.

Abu Hafsa (Jidda): Ku tsaya, ni an ce min miliyan 18. Miliyan ko miliyar?

Ɗan Gadarif: Hhhhh ka daɗe a Jidda. Miliyar ɗinmu ita ce miliyan ɗinka, har yau da tsohon jine, wato fam ɗin Sudan na da, muke ƙirga. Ka tura da lissafin riyal kawai, kafin ka gama tambaya farashin ya canza.

Malam Isa (Makka): Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, kifin kansa. Najil taruwa yake wuri ɗaya lokacin ƙwai, sai kowa ya je can ya kwashe, baɗi a ce ya yi wuya. Nan Saudiyya ana hana kama shi da kifin ɗaradi a watannin Afrilu da Mayu saboda haka. Kuma yankunan teku na Sanganeb da Dungunab, wuraren da ake karewa, tun 2016 suna cikin jerin wuraren gadon duniya na UNESCO, ka tambayi rayis ɗin ina da ina zai riƙa zuwa.

Baba Na Sawakin: Malam mai ƙugiya ɗaya nawa zai kwashe? Je ka ga manyan jiragen Masar masu jan taru a ƙasan ruwa, babba da ƙarami duk su share. Mu ake wa wa'azi.

Ummu Walid: Ni dai tawa shawarar firiza, ka sayi kifi ka ajiye ka sayar wa masu gidan abinci, tun da gwamnati ta dawo Bur Sudan a 2023 garin ya cika da baƙi.

Bahri77: Firiza da wace wutar Hajiya? A Yuli da Agusta ƙanƙara ma layi ake mata, mai ciwon suga da mai jirgi duk layi ɗaya.

Ummu Walid: Kar ka tuna min. Tun da dam ɗin Arba'at ya fashe a Agustan 2024 muke sayen ruwa a jarka, mai tanka ya faɗi abin da ya ga dama, ga mai gida ya ninka haya wai akwai ɗan Khartum da zai biya da dala.

Ɗan Gadarif: Nawa kike biya yanzu? Ƙanina na neman ɗaki biyu a Daim Arab.

Abu Hafsa (Jidda): Jama'a wata nawa ake fita a shekara?

Sani Mai Wurno: Tambayi mai suyan.