Zan shigo Kano haɗo lefe ni kaɗai, don Allah ku ba ni shawara

Baƙuwa daga Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne zai yi aure bayan Sallah, kuma ni ce babba tun rasuwar mahaifiyarmu, don haka aka ɗora mini haɗa lefe. Da ni da matar yayanmu za mu zo, ita ce ta san Kwari, to sai aka samu saɓani a kan maganar akwatuna, ita ta ce saiti biyu, ni na ce ƙarfin yaron bai kai ba, shekara uku yana tara kuɗin nan daga ɗinki. Maganar ta kai gaban Baffa, tun daga ranar ba ta ɗaga wayata. Yanzu kuɗin yana hannuna, ban taɓa zuwa Kano ba sai sau ɗaya ina yarinya. Zan taso ranar Juma'a, in kwana a Rijiyar Zaki, Asabar da sassafe in shiga kasuwa, in juyo a ranar. A ina zan sauka? Yaya zan yi da kayan? Kwana biyu ba na barci saboda labarin ƙwacen waya.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 22 a Kantin Kwari, ki saurare ni da kyau. Motarku ta Wudil za ta shigo, ta Mariri da Hotoro, wato gabashin gari. Rijiyar Zaki kuwa tana yamma, kan titin Gwarzo, sai kin wuce Kabuga. Kin ga kin ratsa Kano kaf da yammacin Juma'a, ga gajiyar hanya. Wannan kuskure ne. Ki nemi masauki a Hotoro ko Tarauni. Kada ki tsaya neman acaɓa, tun 2013 aka hana su ɗaukar fasinja, Adaidaita Sahu ne abin hawanmu. Ki ɗauki shata, ku gama ciniki kafin ki sa ƙafa. Kuma ki ce "Kwari" kawai, kada ki ce "don Allah ina ne kasuwar atamfa", nan take zai gane baƙuwa ce.

Maman Biyu:
Ni dai ban yarda da shata ga mace ita kaɗai ba. Gara ki hau wanda kika ga mata a ciki. Bara ni da 'yata muka ɗauki shata daga asibiti, mutumin ya bi da mu wani lungu wai yana gudun cunkoso, ya tsaya ya ce sai na ƙara kuɗi. Yarinya ga zazzaɓi, ga rana. Na biya ina hawaye. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Fagge:
Maman Biyu, Allah ya kiyaye gaba, amma wanda ake haɗa fasinja a ciki nan ne ake zare wa mutum waya bai sani ba. Mace da kuɗin lefe a jaka ba ta shiga tsakiyar mutanen da ba ta sani ba. Shata na ce.

Baƙuwa daga Gombe:
Na gode Alhaji. Amma Rijiyar Zaki ba zan iya canzawa ba, na riga na yi alkawari, kuma maigidana bai amince in kwana a otal ba. Kuɗin ma ba duka ne a jaka ba.

Malamin Gwale:
Yaya, wace Asabar ce? Idan ta ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga da safe sai ƙarfe goma. Sammakon naki ba zai yi amfani ba. Ko ba wannan, Kwari ba ta cika da sassafe. Sannan lefe ba a waje ɗaya ake gama shi ba. Atamfa, leshi da shadda a Kwari. Akwati, takalma, jakunkuna da kayan shafa yawanci sai kin leƙa Sabon Gari. Turaren wuta da kayan gargajiya kuma wasu Kurmi suke shiga, cikin birni. A taswira kusa suke, amma daga Kwari zuwa Bata kaɗai, wato bakin kasuwar Sabon Gari, cunkoso zai iya cinye miki lokaci mai yawa. Yini ɗaya ya yi kaɗan.

Baƙuwa daga Gombe:
Malam, dole in juyo ranar, na bar yara wajen maƙwabciya, ƙaramin bai daɗe da yaye ba.

Hajiyar Kurna:
Ƙanwata, ki yi haƙuri ki kira matar yayan nan ku shirya. Ni abin da ya same ni ke nan a bikin ɗan yayata. Na sha wahala na haɗo kaya, da kuɗina na cika na leshi biyu, ranar buɗe akwati dangin amarya suka ɗaga atamfa ɗaya suna jujjuyawa, suka ce ƙarama ce. 'Yan uwana da suka ƙi raka ni su suka fara cewa ai ni na zaɓo. Shekara huɗu ke nan ba ma shiga sabgar juna. Kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai, ko tsinke ne ya ɓace ke za a tuhuma.

Ɗan Fagge:
Hajiya, ba sulhu ta tambaya ba, hanya ta tambaya. Baƙuwa, ki ji, duk wanda ya tare ki a bakin kasuwa yana "Hajiya me ake nema", ki ce kin gode ki wuce, ladansa a kan kuɗinki zai hau. Ki sa a buɗe miki kowane turmi ki duba bakinsa da hannunki, don zane ɗaya ana yin mai tsada ana yin kwaikwayonsa. Ki saya a shago, ki karɓi rasit, ki bar kayan a shago ɗaya har ki gama. Ɗan dako kuma mai shagon ne zai kira miki wanda ya sani, ki bi bayansa kada ki shige gaba. Daga nan shata kai tsaye zuwa tasha kafin la'asar. Waya a cikin jaka ƙarƙashin hijabi, ba a hannu a bakin titi ba.

Maman Biyu:
To da akwatuna cike za ta shiga bayan wani ita kaɗai? Ni dai na faɗa.

Malamin Gwale:
Ai tana iya kai kayan tasha a rubuta a aika, ita ta biyo baya hannu sake.

Ɗan Fagge:
A'a Malam. Lefe ba ya rabuwa da mai shi.

Baƙuwa daga Gombe:
Hajiya, wallahi sau uku na kira ta, ba ni na yi mata laifi ba, gaskiya na faɗa. Ba zan bari yaron nan ya ci bashi don a ce an yi saiti biyu ba. Malam, na duba kalanda, ashe ta ƙarshen watan ce, kuma ba zan iya ɗagawa ba, an sa ranar kai kaya. Idan na fito Rijiyar Zaki ƙarfe goma, zan iya gama Kwari da Sabon Gari in samu motar Gombe kafin magariba? Ko in bar akwatunan in saya a gida?

Hajiyar Kurna:
Wa za ki sauka wajensa a Rijiyar Zakin? Ba zai raka ki ba?