An ce in kawo mutum biyu su ba da jini kafin maiɗakina ta haihu, ina neman shawara

Tela daga Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar asibiti. Maiɗakina tana da ciki wata takwas, haihuwa ta huɗu ke nan in Allah ya sauke ta lafiya. A ƙaramin asibitin unguwarmu take awo, to a zuwanta na ƙarshe aka auna jininta aka ce PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 26 ne, ya yi ƙasa. Malamar awo ta tura ta babban asibiti ta ce can za ta haihu, a can kuma aka ce in kawo mutum biyu su ba da jini a ajiye kafin naƙuda ta zo.

Ni na ce zan bayar, amma Hajiyarmu ta hana. Ta ce wanda yake taka keken ɗinki tun safe har dare, in aka ɗebar masa jini ba zai sake mayar da shi ba. Ƙanena kuma yana tsoron kada ya ɗauki cuta ta hanyar allurar. Da na fito bakin ƙofar asibitin wani matashi ya biyo ni, ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini yaran da za su bayar a ranar, kuma gaskiya raina ya fara kwanciya da hakan.

Ita kuwa a gida jiri take yawan yi, ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki. Jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini ta daina sha tun ciki yana wata shida, ta ce suna tayar mata da zuciya. Akwai abincin da zai ɗaga jinin nan cikin wata guda mu huta da maganar ƙarin jini? In babu, me kuke gani game da yaran bakin ƙofa?

Ɗan Adaidaita:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raba lafiya. Ka riƙa sayo mata Maltina tana haɗawa da madarar gwangwani safe da dare, ga zoɓo marar sukari da yawa. Haka na yi wa tawa. Amma yaran bakin asibiti ka rabu da su, a kan hanya nake wuni, na san irin abin da wasunsu suke sha.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:

Ɗan'uwa, Allah ya sauke ta lafiya. A wurin ɗibar jini nake aiki, kuma irin damuwarka kusan kullum sai an zo mana da ita.

Malamar awon nan ta yi maka alheri. Mace mai ciki ana so PCV ɗinta ya kai 33, ita tana 26, ga haihuwa ta matso. Kowace mace tana zubar da jini wajen haihuwa, in ya kai rabin lita an shiga abin da muke kira zubar jini bayan haihuwa, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a wajen haihuwa. Wadda jininta ya cika tana iya jure wannan zubar, wadda ta shigo da ƙarancinsa kaɗan ma yana iya kayar da ita. Kuma abin ba ya jira. Na sha ganin miji da ƙarfe biyun dare yana buga waya yana neman wanda zai zo, in ma an samu mutumin sai an gwada shi, an ɗeba, an haɗa jininsa da nata an ga sun dace, duk wannan sa'o'i ne. Shi ya sa ake cewa a ajiye tun yanzu. Ledar jini tana zama a firjinmu har kwana 35, saboda haka wata guda kafin haihuwa shi ne daidai lokacin.

Maganar Hajiya kuma, ka zauna da ita cikin ladabi ka yi mata bayani, don tausayinka ne ya sa ta faɗi haka. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, abin da muke ɗiba a leda ɗaya kuwa mililita 450 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ka sha ruwa sosai, jajayen ƙwayoyin jinin kuma ɓargo ne yake ƙera su kullum, cikin sati huɗu zuwa shida ya mayar. Ba ma taɓa mutum sai mun auna shi: shekarunsa daga 18 zuwa 65, nauyinsa bai gaza kilo 50 ba, hawan jininsa daidai, kuma shi kansa jinin nasa ya isa. In ka gaza ɗaya daga ciki mu da kanmu za mu ce ka koma gida. Ɗibar kanta minti goma ce ko ƙasa da haka. Ka ci abinci kafin ka zo, bayan an gama ka huta kaɗan, ranar kada ka ɗauki kaya masu nauyi, washegari ka hau kekenka. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu.

Ƙanenka kuma ka ce masa ya sa ido ya gani da kansa. Allurar a manne take da ledar, a rufe suke zuwa daga kamfani, a gabansa za a yage, kuma da an gama an jefar da allurar. Mai bayarwa ba shi da ta inda zai ɗauki cuta. Riba ma zai samu, don zai san rukunin jininsa, a kuma gwada masa ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Mutane da yawa a nan suke fara sanin suna ɗauke da ciwon hanta, tun bai yi musu illa ba.

Yaran bakin ƙofa su ne abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini, amma ko ba doka ba zan ba ka shawarar ka yi ba. Wanda yake neman kuɗi ba zai gaya mana gaskiya ba in muka tambaye shi tarihinsa. Yau ya bayar a nan, sati mai zuwa ya canza suna ya bayar a wani wuri, sai ka ga jinin ya tsinke, amfaninsa kaɗan. Sannan akwai ɗan lokacin da cuta take shiga jiki gwaji bai fara nuna ta ba tukuna, a wannan tsakanin babu abin da ke kare matarka sai gaskiyar wanda ya bayar. Maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya a masallaci ba shi da dalilin ɓoye mana komai.

Ɗan Adaidaita, na gode da ka ja masa kunne a kan yaran nan. Sai dai Maltina da madara ƙarfi suke sa wa na ɗan lokaci saboda sukari, sinadarin ayon da ake gina jini da shi ba shi da yawa a cikinsu.

Inna mai awo:

Ƙanena, ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti irin wanda maiɗakinka ta fara zuwa. Inda hankalina ya tsaya shi ne ƙwayoyin da ta ajiye. Can ne jinin ya fara sauka. Ciki yana jan ayon fiye da yadda tuwonmu na yau da kullum zai iya bayarwa, balle ga wadda ta yi haihuwa uku a baya. Ta koma shan su daga yau. In suna tayar mata da zuciya ta sha bayan ta ci abinci ko dab da kwanciya, in bayan gidanta ya yi baƙi kada ta tsorata, aikin maganin ne. In ta kasa jurewa ta gaya wa likita, akwai wanda ake sakawa ta jijiya, kuma a wata na takwas likita zai iya ganin shi ya fi.

Abinci kaɗai ba zai kai ta inda ake so cikin wata guda ba, kada in yaudare ka. Amma yana taimakon maganin, kuma bayan haihuwa ma tana buƙatarsa don ga jego ga shayarwa. Ayon ɗin da jiki ya fi saurin karɓa na nama ne: jan nama, saifa, ƙoda, kifi ko da busasshe ne a daka a zuba a miya. Hanta tana da shi sosai, sai dai mai ciki kada ta yawaita ta saboda bitamin A ya yi yawa a ciki. Na san halin da ake ciki, nama ba kullum ba. To ga wake, ga alayyahu, ga zogale, ga daddawa. Faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗanyen tumatir, ƙosai ko alala da safe. Ayon ɗin ganye da wake yana buƙatar abu mai bitamin C kafin ya shiga jiki sosai, saboda haka ta matsa lemon tsami a kan kwaɗon, ko ta ci gwaiba ko lemon zaƙi a bayan abinci. Gero ma yana da nasa, kuma wanda aka jiƙa ya yi tsami irin na koko ya fi sakin shi.

Shayi ne abin da mutane ba sa lura da shi. Ganyen shayi yana riƙe ayon ya hana hanji tsotsa, madara ma tana ragewa. Mace ta haɗiye ƙwayarta da shayi mai kauri, ta zo awo ta ce mana tana shan magani amma jini bai hau ba. Ta bar tazarar awa biyu tsakanin shayi da maganin. Ka tambaye ta kuma ko tana cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, yawanci ba sa faɗa wa mazajensu. Kwaɗayin nan alamar ƙarancin ayon ce, farar ƙasar kuma ƙara hana jiki tsotsarsa take yi.

A duba mata maleriya da tsutsar ciki, don suna cin jini ba tare da an ji zazzaɓi ba. Ta karɓi Fansidar ɗin rigakafin maleriya da ake bayarwa a wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro. In hakin ya kai ko a zaune tana yinsa, ko ta ga jini ko kaɗan ne, kada ku jira ranar awo, ko da dare ne ku tafi. Kuma don Allah kada kowa ya lallashe ku ta haihu a gida wannan karon.

Tela daga Kurna:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta sauko, ta ce in je. Sai dai ta kawo wata magana: wai in jinina ya shiga jikin matata ba mu zama kamar waɗanda suka sha nono ɗaya ba? Kuma rukunin jinina O ne, nata B, zai yi mata? Inna, na tambaye ta, farar ƙasar tana ci.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:

Malaman da na ji sun yi magana a kan wannan sun ce shayarwa ce take haramta aure, ƙarin jini ba ya yi, amma ka tambayi limaminku a gaban Hajiya don hankalinta ya kwanta. Mu dai a wurinmu da ma ba mu cika son sa wa mace jinin mijinta ba matuƙar tana cikin shekarun haihuwa, saboda jikinta yana iya ƙera abin da zai yaƙi irin jininka, ya shafi cikin da za ta ɗauka nan gaba in jaririn ya gado ka. Ka bayar da naka ya shiga firji, O kowa nemansa yake, ita a ware mata wanda ya dace da ita. In Allah ya sa ba ta buƙata ba, zai tafi wurin yaro mai sikila ko wanda ya yi hatsarin mota.

Ka duba katinta ka gani, B ɗin da alamar tarawa ce ko ta ɗebewa. In ta ɗebewa ce ka sanar da mu da wuri, don masu irin wannan jinin ba su da yawa, nemansa yana ɗaukar lokaci, kuma akwai allurar anti-D, mai kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn mai tarawa ne.

Sakataren unguwa daga Jigawa:

Allah ya sauke ta lafiya. Mu a garinmu kwamitin lafiya na mazaɓa ne ya ɗauki wannan nauyin. Bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa, ma'aikatan asibiti suka zo suka gwada matasan da suka yarda, aka rubuta sunan kowa da rukunin jininsa da lambar wayarsa a littafi guda. Kwafi ɗaya yana wurin mai unguwa, ɗaya wurin mai kula da asibitin. Mun kuma yi magana da direbobin tasha, akwai waɗanda suka amince a tashe su kowane lokaci in mace tana naƙuda. Wanda ya bayar ana rubuta ranar, don kada a sake kiransa wata uku bai cika ba.

Malam Tela, ku da kuke da ƙungiyar teloli abin zai fi muku sauƙi. Ka gaya wa shugabanku a zamanku na gaba. Ka tafi da mutum uku ko huɗu maimakon biyu, don ba duk wanda ya je ake ɗiba ba, wani za a ce nasa bai isa ba, wani hawan jini.