Madubin hange ko jan ɗigo a kan Henry .22 mai liba?

Baƙon Ohio:
Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma ina da bindiga mai liba ƙirar Henry H001, wadda ke cin ƙaramin harsashin nan na .22 LR. Ina harbin takarda da ita a filin gwaji, idan kaka ta yi kuma nakan yanki lasisi in shiga daji farautar kuregen bishiya. Idona ya fara gazawa wajen haɗa saitin ƙarfe na baya da na gaba da abin harbi a lokaci guda, musamman da sassafe a ƙarƙashin itatuwa. Shin madubin hange ya fi dacewa da ita, ko kuwa na'urar jan ɗigo, wadda ke haska ɗan jan ɗigo a kan gilashi domin saiti? Yawancin harbina tsakanin yadi 25 ne zuwa 60, kuma ba na so in ɗora mata abin da zai mayar da ita kaya, domin rashin nauyinta ne ya sa na saye ta.

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Tun da ka ambaci kurege, ai ka riga ka ba kanka amsa. Jan ɗigo ba ya kusanto da komai, kuma ɗigon kansa yana rufe wani ɓangare na abin da kake kallo. Wanda aka rubuta masa 3 MOA (MOA ma'aunin kusurwa ne, guda ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100), kamar na Bushnell TRS-25, yana rufe kusan inci ɗaya da rabi a nisan yadi 50, kan kurege kuwa bai fi haka da yawa ba. Kuregen da ya ji motsinka yakan lafe a bayan reshe, ba ka ganin komai sai kunne da ƙwayar ido a tsakanin ganye, to a irin wannan hali madubi ne kaɗai zai bambance maka kai da kullin itace, ya kuma nuna maka siririn reshen da ke tsakani wanda zai iya karkatar da harsashi.

Ka nemi ƙarami mai kusantarwa daga ninki 2 zuwa 7, wanda gilashinsa na gaba bai wuce milimita 32 ko 33 ba. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne faralaks, wato gusawar layukan saiti a kan abin harbi idan ido ya motsa. Madubin manyan bindigogi ana daidaita shi a yadi 100 ko fiye, saboda haka idan ka yi harbi kusa, idonka kuma ya ɗan kauce daga tsakiya, sai layukan saiti su gusa daga inda ka ɗora su. Na ƙananan harsasai an daidaita su kusa: Vortex Crossfire II Rimfire mai 2-7x32 (ninki 2 zuwa 7, gilashin gaba milimita 32) a yadi 50, Leupold VX-Freedom Rimfire mai 2-7x33 kuma a yadi 60. Manyan nan masu ninki 12 ka bar wa masu gasa a kan teburi.

Ɗan Texas:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ja da maganarku a kan kurege ba, amma jan ɗigo ma yana da ranarsa. Ana harbi da shi ido biyu a buɗe, ba ya buƙatar ka ajiye ido a wani takamaiman nisa, kuma bindigar tana nan da sauƙin riƙo a tsakiya kamar yadda aka ƙera ta. Ga zomon da ya zabura daga ciyawa a yadi 20, ko jeren gwangwanaye da ake so a kakkaɓe da sauri, ban ga abin da ya kai shi ba. Akwai kuma masu 2 MOA, irin Sig Romeo5, da ke rufe inci ɗaya kacal a yadi 50.

Sai dai, Malam, tun da ido ne ya kawo maganar, ka gwada kafin ka biya. Mai astigmatizim, wato matsalar ido da ke sa gani ya yi dishi-dishi, yakan ga ɗigon ya watse ko ya yi jela maimakon ya zauna a dunƙule. Ka ɗauki hotonsa da kyamarar waya a shagon: idan ya fito a dunƙule a hoto amma a watse a idonka, to matsalar ba ta na'urar ba ce, kuma madubin da ake murɗa gilashinsa na baya ya dace da ido zai fi maka amfani.

Mai Gyara:
Ko wanne ka zaɓa, Malam, wajen ɗaurawa ne ake samun tangarɗa. H001 tana tofar da kwanso ta gefe, don haka samanta a sake yake, kuma an yi mata tsagi mai faɗin 3/8 na inci. Ka sayi zobban riƙe madubi da aka yi domin wannan tsagin, ba na milimita 11 na bindigar iska ba, domin sun yi kama amma ba sa kamawa daidai. Yawancin jan ɗigo a kan layin Picatinny, wani faffaɗan layin ɗaura na'ura mai tsage-tsage, suke zama, sai an sa mahaɗi, shi kuma yana ƙara tsayi, alhali gindin bindigar an sassaƙa shi ne domin saitin ƙarfe. Da zarar na'ura ta yi sama, kumatunka zai rabu da katako. Ka zaɓi zobba mafi gajarta da ba za su bar gilashin gaba ya taɓa saitin baya ba. Madubi kuma zai rufe gudumar da kake ja da babban yatsa, saboda haka ka haɗa da ɗan ƙarfen da ake maƙala mata ya fito gefe. Kada ka matse notunan da ƙarfin tsiya, domin murfin da aka yi wa tsagin ƙarfen gami ne mai ɗan taushi.

Baƙon Ohio:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki mai ninki 2 zuwa 7. Baba, a wane nisa kuke ganin ya kamata in daidaita saitin?

Tsohon Mafarauci:
A yadi 50. Da harsashi mai sauri mai nauyin giren 40, a yadi 25 zai hau sama da abin da bai kai inci ɗaya ba, a yadi 100 kuma zai sauka kamar inci 5 zuwa 6. Ka daidaita da irin harsashin da za ka shiga daji da shi, domin idan ka sauya kamfani, wurin da yake sauka ma yakan sauya.